Wuta Ta Ci Kaya, Bashi Ya Tsira: Tarihin Gobarar Kasuwar Taminus Da Abin Da Ta Koya Mana

Iyayenmu da 'yan uwanmu na Dutse Uku, na gida da na nesa.

Duk wanda ya yi wayo a garin Jos kafin 2002 ba zai manta ranar da aka wayi gari Babbar Kasuwar Taminus tana ci da wuta ba, cikin watan Fabrairun shekarar. Da wuya ka sami layi a unguwar nan da asarar ba ta shiga ba. In babu mai shago a gidan, akwai yaron shago, ko ɗan dako, ko tela, ko mai kai abincin sayarwa. An yi jaje, an yi kuka, wuta ta mutu. Amma akwai abin da ya fito daga cikin tokar ko ƙwarzane bai yi ba, shi ne bashi. Kayan da suka ƙone da yawansu ba a gama biyan kuɗinsu ba, masu su kuma suna Kano da Anacha da Aba da Legas suna jira. Tarihin wannan bashi muke so mu waiwaya a yau, daga inda ya faro har zuwa abin da addini da dokar ƙasa suka ce a kansa, domin yaranmu da ke buɗe shaguna yanzu su san ƙasar da suke takawa.

Yadda kasuwancin Jos ya tashi a kan yarda

Kuza ce ta tara mutane a Jos. Tun kafin zuwan Turawa ana narka ta a Liruwen Kano da Liruwen Dalma, fatake suna yawo da ita kasuwa-kasuwa. Ganin wannan kuza ne ya sa kamfanin Neja ya turo mutanensa neman tushenta a farkon shekarun 1900. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layi kuma ya iso ta Kafanchan a 1927. Sunan Taminus kansa kalmar Turanci ce mai nufin inda layin jirgi ya tuƙe. Lebura suka yi ta kwararowa daga Kano da Bauchi da Zazzau da Barno, mahauta da masu goro da madinka da masu tuwo suka biyo bayansu.

Lebura ba shi da kuɗi sai ranar biya, saboda haka ciki da sutura duk a kan bashi suke tafiya. Mai tuwo ta ba shi, mahauci ya ba shi, ranar da aka yi biya a zo a warware. Su ma masu sayarwar a kan bashi suke karɓo kaya. Manyan kantunan Turawa irin su John Holt da UAC, wanda aka kafa a 1929, sukan ba amintaccen ɗan kasuwa kaya ya je ya sayar ya kawo kuɗi, shi kuma ya rarraba wa na ƙasa da shi. Haka igiyar take tun daga kanti har zuwa mai talla. Hausawa suka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, a Jos kuwa da shi aka gina gari.

Abin da ya riƙe wannan igiya shi ne sanayya. Baƙo ba ya samun kaya sai da fatoma ko dillalin da zai tsaya masa. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan ya yi nazarin cinikin shanu da goro na Hausawa, ya fitar da littafi a 1969. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne yadda ake ba mahauta shanu masu ɗimbin kuɗi bashi ba tare da takarda ba, maigidan da ya sauki falke shi ne lamuni. Wanda ya ci amana sau ɗaya labarinsa ya zaga zango, ba mai sake ba shi ko akuya. Irin wannan tsari ne iyayenmu suka yi kasuwanci da shi a Jos.

In magana ta fi ƙarfin dattawan kasuwa sai a je gaban alƙali. Alƙalan Arewa da littattafan Malikiyya suke hukunci, irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa, kuma ƙa'idar a bayyane take: mai da'awa ya kawo shaidu, mai musu ya yi rantsuwa. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotunan daga hannun En'e ta mai da su kotunan yanki, waɗanda har yau muke zuwa, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a samansu kan abin da ya shafi aure da gado da makamantansu.

Wannan tsari yana da ƙarfi wajen maganin macuci. Rauninsa yana bayyana ne ranar da masifa ta sauka a kan kowa lokaci guda, wato ranar da mai cin bashin da wanda ya tsaya masa da dattijon da zai sasanta su duk suka tashi babu ko sisi.

Kasuwar da ta zama abin alfahari

Gwamnan soja na tsohuwar Jihar Binuwai-Filato, Joseph Gomwalk, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, shi ya ɗauko aikin gina babbar kasuwa ta zamani a Jos. Aikin ya ratsa gwamnatoci, sai a tsakiyar shekarun 1980 aka kammala. Ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin rufi na Afirka ta Yamma, mutane na zuwa sari daga Bauchi da Gombe da Yola da Lafiya. Bahaushe da Ibo da Bayarabe da Birom da Jarawa da Anaguta duk a ƙarƙashin rufi ɗaya suke neman abinci.

Lokacin buɗe ta ya zo daidai da wasu abubuwa biyu. A watan Oktoban 1985 farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya, abin da ya ƙarasa karya haƙar da dama ta riga ta ja baya. A 1986 kuma gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin SAP, darajar naira ta faɗi, kaya suka yi tsada. Garin da kuza ta haifa ya koma dogaro da saye da sayarwa, jarin da a da yake cika shago ya koma ba ya cika rabinsa, sauran sai da kayan bashi. Ga kuma al'adarmu ta cewa shago shi ne banki: riba ba ta kwana a asusu, kaya ake ƙarowa da ita. Har kuɗin adashi da ajiyar marayu da littafin da ake rubuta masu bashi, a cikin shagon suke kwana.

Rikicin 7 ga Satumban 2001 ya riga ya girgiza garin, an rasa rayuka masu yawa. Wata biyar bayan haka kasuwa ta ƙone, zamanin Gwamna Joshua Dariye. 'Yan kasuwa suka watsu a titin Ahmadu Bello da layukan da ke kewaye, wasu suka koma kasa kaya a ƙasa, wasu suka bar garin. Wanda ake bi ya rasa abin biya, wanda yake bi kuma littafinsa ya ƙone.

To wa zai ɗauki asarar?

Wannan ita ce tambayar da ta raba abokan ciniki na shekara da shekaru. Amsar ba ɗaya ba ce, ta danganta da irin yarjejeniyar da aka ƙulla tun farko.

Na farko, sayarwa a kan bashi. A ce mai atamfa ya karɓo dila biyar daga Kantin Kwari, an yanke farashi, zai biya bayan Sallah. Tun da ya karɓi kayan sun zama nasa, ribarsu tasa, asararsu tasa. In sun ƙone bashin yana nan a wuyansa. A nan fiƙihun Malikiyya da dokar sayar da kaya ta Ingila ta 1893, wadda Najeriya ta gada, bakinsu ɗaya.

Na biyu, kayan da aka ba mutum ya sayar a madadin mai su, ya ɗauki la'adarsa, ko ajiyar da aka ba shi. Wannan amana ce. In ta salwanta ba da sakacinsa ba, asarar mai kaya ce.

Na uku, kiradi, wato mai kuɗi ya ba da jari, mai ƙarfi ya juya, a raba riba. In jarin ya halaka ba tare da ganganci ba, mai kuɗi ya yi asarar kuɗinsa, mai juyawa ya yi asarar wahalarsa, ba a mayar da jarin ya zama bashi a kansa.

Na huɗu, kayan da ke hannun mai sana'a, kamar yadin da aka kai wa tela. Malikiyya sun ɗora wa masu sana'a lamunin abin da aka bar musu, sai in an sami shaidar cewa ya halaka ba da laifinsu ba. Dokar Turawa ma haka take: wanda aka bar wa kaya, shi zai nuna bai yi sakaci ba. Gobarar da gari duka ya gani shaida ce babba, amma sai an tabbatar kayan suna cikin shagon a ranar.

Matsalar ita ce yawancin cinikinmu da baki aka ƙulla shi. Kalmar "ɗauki ka je ka sayar" tana iya zama kowanne daga cikin ukun farko. Ranar lafiya ba mai tambaya. Ranar asara mai kaya ya ce bashi ne, mai shago ya ce amana ce, kuma kowannensu yana iya kasancewa da gaske yake, haka ya fahimta. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. Mu ne muka mai da neman takarda kamar zargi.

Addinin bai bar wanda ake bi a hannun mai bi ba. Aya ta 280 a surar ta yi umarni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu, ta kuma nuna yafewa ta fi. A fiƙihu, wanda ya tabbata ba shi da komai ba a ɗaure shi saboda bashi. Wanda ya karye kuma yana da ɗan abin da ya rage, alƙali yakan raba wa masu binsa gwargwadon kuɗin kowa, ba wanda ya fi ƙarfi ya kwashe ba. Waɗanda bashi ya yi wa katutu suna cikin kashi takwas na masu cin zakka.

Ina inshora take a lokacin?

Inshora ta daɗe a Najeriya. Kamfanin Royal Exchange na Ingila ya buɗe reshe a Legas tun 1921, gwamnatin tarayya ta kafa NICON a 1969, hukumar NAICOM mai sa ido a kan kamfanonin kuma an kafa ta a 1997. Sai dai an gina harkar ne don kayan Turawa da ke kan teku da manyan ma'aikatu. Abin da talaka ya sani game da ita shi ne takardar mota da ake nuna wa ɗan sanda a hanya, wadda dokar 1945 ta wajabta, kuma da yawa ba su san tana biyan diyyar wanda aka buge ba.

Ga kuma damuwar addini. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke cewa inshorar kasuwanci yadda aka saba yin ta ba ta halatta ba, saboda garari da ke cikinta, ta ce mafita ita ce ta taimakekeniya. Sudan ta riga ta kafa irin wannan kamfani tun 1979, Malesiya ta yi dokarsa a 1984. A Najeriya sai 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, daga baya kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful suka sami lasisi. Ke nan a 2002 ɗan kasuwar da ke gudun shubuha ba shi da ƙofar da aka tanadar masa a fili.

Shekara guda bayan gobarar aka yi dokar inshora ta 2003, wadda ta wajabta yi wa gine-ginen da jama'a ke shiga inshora, har da wuraren kasuwanci. A 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar doka da ta maye gurbinta. Amma a lura, inshorar gini daban, ta kayan da ke cikin shago daban. Ko mai ginin ya yi tasa, atamfarka ba ta ciki sai ka yi taka.

Akwai darasin da ya shafe mu kai tsaye. A rikicin 28 ga Nuwamban 2008 an ƙona kasuwar Katako da gidaje masu yawa. A ranar Lahadi 17 ga Janairun 2010 wani rikicin ya tashi daga nan unguwarmu, a wurin aikin sake gina gidan da rikicin baya ya lalata. A 20 ga Mayun 2014 bama-bamai biyu suka tashi a Taminus, mutum fiye da ɗari suka rasu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne takardar inshorar gobara ta yau da kullum ba ta ɗaukar wutar tarzoma ko ta harin ta'addanci, sai an nemi a ƙara su an biya kuɗinsu daban. Mutumin Jos da ya yi inshora bai duba wannan layi ba, ya sayi laima ce mai huda a daidai kansa.

Sauran ƙa'idojin su ma a riƙe su. In ba ka biya kuɗin shekarar ba, babu kariya. In kayanka na miliyan huɗu ne ka rubuta miliyan biyu don a rage maka kuɗi, rabin asararka za a biya. In kana ajiye fetur ko janareto a shago ka ɓoye, kamfani na da hujjar ƙin biya. Kuma za a nemi rasit da lissafin kaya. In ka cika duk wannan aka ƙi biyanka, NAICOM na da sashen karɓar koke, kotu ma tana nan. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Yadda wasu suka yi da tasu gobarar

A 1666 wuta ta cinye gidaje fiye da 13,000 a birnin Landan. Su ma rigimar da ta biyo baya irin tamu ce: mai gida ya ce ɗan haya ya ci gaba da biya ya kuma sake gini, ɗan haya ya ce da me? Majalisarsu ta kafa kotu ta musamman don gobarar kaɗai, alƙalai suka riƙa raba asarar tsakanin ɓangarorin, a rage haya ko a ƙara shekarun zama ga wanda zai gina. Cikin shekara goma sha biyar kuma aka fara kamfanin inshorar gobara a birnin. A Jos an bar kowa da mai binsa su ƙarata.

Kasuwar ma har yau ba ta dawo ba. A 2022 gwamnatin Simon Lalong ta kawo shirin sake gina ta tare da bankin Jaiz, gardama ta tashi a kan sharuɗɗan, aikin bai yiwu ba. A tsakanin nan wuta ta ci kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina a 2021, da Monday Market ta Maiduguri a 2023. Ko'ina labarin bashin iri ɗaya ne.

Abin da doka ta ce a yau

Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Ba a tsare uba ko mata don ɗa ko miji ya ci bashi. Ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne, kotu ce wurinsa. Amma wanda ya karɓi kaya da yaudara, ko ya ba da cekin da ya san babu kuɗi a asusunsa, wannan ya shiga laifi. Shi ma wanda ya sa hannu ya tsaya wa wani, ya sani ana iya binsa kuɗin a kotu.

Mai bin bashi kada ya yi barci. A kotunan dokar Turawa akwai wa'adin shigar da ƙarar bashi, shekara biyar ko shida gwargwadon jiha, in ya wuce ƙofa ta rufe. Masu ba da rance ta manhajar waya kuma, tun 2022 hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta wajabta musu rajista, ta hana su tozarta mutum ta hanyar aika wa mutanen da ke cikin wayarsa saƙo. Wanda aka yi wa haka yana da inda zai kai kuka.

Abin da ya rage gare mu

Iyayenmu ba su yi wauta ba. Sun gina kasuwanci a kan amana a zamanin da amana ta isa, kuma da ita da yawansu suka sake tashi bayan 2002, domin akwai masu kaya da suka yafe, akwai waɗanda suka sake ba da sabon kaya a kan tsohon bashi. Abin da ya rage mana shi ne mu ƙara mata abin da ta rasa.

Duk kayan da za ka karɓa ko za ka bayar, a faɗi sunan cinikin a rubuta: bashi ne, amana ce, ko kiradi. Layi uku da sa hannun shaidu biyu sun wadatar. Littafin bashi kada ya kwana a shago shi kaɗai, a ɗauki hotonsa a waya, a ajiye kwafi a gida. Kuɗin adashi da na marayu a kai su asusu. Masu shaguna a layi ɗaya suna iya haɗuwa su gayyaci kamfanin takaful ko na inshora mai lasisi ya zo ya yi bayani a gaban malamai da lauyoyinmu, a tambaye shi batun tarzoma ƙarara kafin kowa ya ba da kuɗi. Ƙungiya kuma tana iya ware wani kaso na zakkar masu hali don 'yan uwan da asara ta bari da bashi.

Muna roƙon dattawanmu da suka yi zama a Taminus su ba matasa labarin yadda suka warware da masu kayansu, da daɗi da ɗaci, tun suna raye. Allah ya kiyaye mu daga gobara da fitina, ya biya wa masu bashi bashinsu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, ya zaunar da Jos da Jihar Filato lafiya. Amin.